Dutsen da Ya Mutu Bai Huce Ba

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya sanyin can sama? Umma tana gaishe ki. Baba bai san ina rubuto miki ba, shi ya sa ban ce yana gaisuwa ba, don kada in buɗe wasiƙa da ƙarya.

Ki yi haƙuri da na zo miki ta takarda. An ce waya ba ta cika shiga wurin aikinku ba, kuma ko tana shiga kin san halina, daga “ina wuni” sai bakina ya mutu. A takarda ne kawai nake iya kai magana ƙarshenta.

Gwaggo, ruwanmu ya huce.

Kin tuna yadda gidan wankan Kaka yake da safe? Ruwa ya gangaro ta bututu daga idonsa da ke jikin dutsen bayan gida, ya faɗo tanki yana tururi, sai an sirka da na sanyi kafin mutum ya iya sa ƙafa. Madubin ɗakin mata kullum a rufe yake da gumi, ina shara ina rubutu a kansa da yatsa. Yanzu madubin tas yake, sai fuskata nake gani, abin da ba na so. Ruwan yana zuwa siriri, ɗuminsa kamar shayin da aka manta a kan tebur. 'Yan watanni bayan rasuwar Kaka abin ya soma, kaɗan-kaɗan, har muka wayi gari babu tururi.

Tsohon direban nan mai ciwon baya ya tsoma ƙafa a baho ya ce wa Baba, “Maigida, wannan ko jariri mai barci aka saka ba zai farka ba.” Ya yi dariya, amma bai sake dawowa ba. Mai gyaran famfo ya zo ya kwance kawunan famfo ya mayar, ya ce shi aikinsa kawo ruwa, dafa shi aikin Allah ne. Mai Sabulu, wadda ke kasa kaya a ƙofar ɗakin mata, ita ta fara cewa dutsen ya bi tsohuwa, yanzu unguwa duka ta ɗauka. Baba bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya gwada dafa ruwa da itace a ganga, hayaƙi ya cika gida, Umma ta yi ta tari, ya bari.

Shekaranjiya wani mutum ya zo da igiyar awo. Yana son ya mai da wurin siton siminti. Ya auna ɗakin mata, ya auna har bencin da Kaka ke zama tana ninke tawul, ya ce wannan fasa shi za a yi. Ina bayan ƙofa riƙe da tsintsiya, kamar kullum. Baba ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen damina. In an sayar, za mu koma cikin gari kusa da Kawu, Baba ya riƙa tsare masa shago. Baba da shago, Gwaggo. Mutumin da tun tasowarsa bai san wani aiki ba sai wankin baho da gaisawa da mutane masu jiƙaƙƙen kai.

Ke aikinki duwatsu masu aman wuta. A makaranta an ce mana namu ma irinsu ne, kuma akwai masu rai, akwai masu barci, akwai matattu, amma aka kaɗa ƙararrawa kafin malam ya faɗi yadda ake bambance su, ni kuma ba na iya ɗaga hannu. Don Allah ki ce mini namu barci yake. A littattafan da nake karantawa, in aka ce zuciyar wance ta mutu, a babi na gaba sai a ga ashe kwanciya ta yi. Na san za ki yi dariya. Ki yi, amma ki ba ni amsa.

Ki huta lafiya.

'Yarki, mai sunan Kaka.

*

Mamana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta hau da motar da ke kawo mana kayan abinci, tsakanin buhun albasa da batir. A tsaye na karanta. Ashe bakin nan da ba ya motsi a yatsu ya tara maganarsa. Ki gaishe da Ummanki, ki gaishe da Yaya ko bai amsa ba.

Ba zan yi miki zaƙin baki ba, don sunan uwata kike amsawa, ita kuwa ba ta son kwana-kwana. Dutsenku matacce ne. Amma ki karanta har ƙasa kafin ki jiƙa mini takarda.

Bari in fara da wanda nake zaune a kafaɗarsa. Shi mai rai ne. Can ƙarƙashinsa narkakken dutse ke tasowa daga zurfin ƙasa yana taruwa, kamar tukunyar da ba a daina tura wa itace ba. Muna da na'urori a binne a jikinsa masu jin rawar ƙasa wadda ƙafar mutum ba ta ji. Muna auna kumburinsa, don in cikinsa ya cika gefensa kan ɗan taso. Muna shaƙar numfashinsa, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kayana duk sun ɗauka, ba mai son zama kusa da ni a mota. Makon da aka binne Inna, Kakarki, allurar na'urarmu ba ta tsaya ba, muna ta kwashe mutanen ƙauyukan gindinsa, shi ya sa ban zo ba. Yaya ya san haka, an faɗa masa. Sani daban, hucewa daban, ban kuma ga laifinsa ba.

Mai barci shi ne mayaudari. Yana iya yin shiru tun kafin kakannin kakanni, bishiyoyi su rufe shi, mutane su yi gona har bakinsa. Amma hanyar wutarsa ba ta yanke ba. In aka kasa masa kunne da na'ura za a ji yana juyi jefi-jefi, ko iska na fita ta wata kafa. Shi ne ya dace da littattafanki. Ni kuwa ba na yi wa kowa fatan zama a gindinsa, don ranar da ya farka ba furanni yake zuwa da su ba.

Matacce shi ne wanda aka janye wa itace. Ɓawon ƙasar nan da muke takawa tafiya yake, a hankali kamar tsirar farce. To wani dutsen a haka ake ja shi daga kan murhunsa, wani kuma murhun ne da kansa ke mutuwa. Abin da ya rage a cikinsa sai ya daskare, maƙogwaronsa ya toshe. Daga nan ruwan sama da iska su yi ta cinsa, ƙoƙon kansa ya zube, kwaruruka su tsattsage shi. Mu ma ba ma saurin yanke wa dutse hukuncin mutuwa, don an taɓa yi wasu suka tashi suka ba da kunya. Amma naku na san shi. Shi na fara fasawa da guduma ina ɗaliba, kuma an kasa masa kunne shekara da shekaru, ko tari bai yi ba. Ya mutu tun babu ɗan Adam a wajen.

Yanzu ki yi tunani, Mamana. In tun wancan zamani ya mutu, da me Inna ta yi wa rabin gari wanka? Mutuwa daban, hucewa daban. Kin san murhu, a kashe wuta tun jiya amma da safe duwatsunsa da ɗumi. To wannan murhun girmansa ya kai gari, kuma a binne yake. Ruwan sama na nutsewa can ƙasa, ya ratsa duwatsu masu zafi, ya dawo muku. Irin wannan zafin ba ya ƙarewa a shekara ɗaya, jikokin jikokinki ma ba za su ga bambanci ba. Abin da ya huce cikin 'yan watanni ba dutse ba ne. Wani abu ne tsakanin dutsen da tankinku.

Ga ma'aunin zafi nan na naɗe miki a cikin safa. Ki auna ruwan tanki, sannan ki hau har idon ruwan ki auna can. Gwiwar Yaya ba ta hawa, na sani, kuma na tabbata ba wanda ya leƙa. Ki rubuto mini abin da kika gani, ba abin da kika yi mafarki ba.

Gwaggonki mai warin ƙwai.

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da godiya. Safar ta iso, ma'aunin bai fashe ba. Ni ce dai na yi ɓarna.

Don ɗoki ban tsaya na karanta ni kaɗai ba. Na tarar da Baba da Umma suna shan shayi a tsakar gida, na ce Gwaggo ta aiko da amsa a kan dutse. Baba ya ce, “Wa ya tambaye ta?” amma bai tashi ba. Na fara karantawa a fili, muryata na rawa, ina zuwa kan “matacce ne” sai na tsaya cak. Baba ya ajiye kofi ya ce, “To, masu ilimi sun yanke. Shi ke nan.” Ya sa takalmi ya fita. Da ya dawo ya ce wa Umma ya gaya wa mai siminti ba sai an jira ƙarshen damina ba, ya zo ƙarshen wata. Kin ce in karanta har ƙasa, na karanta, amma a ɗaki, bayan aikin gama ya gama. Na yi ta zuwa in faɗa masa, in tsaya a bayansa yana wanke baho, ya juyo ya ce, “Uwata, mene ne?” in ce, “Ba komai, sabulu nake nema.”

Na auna tanki. Jan layin ma'aunin ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Hawa kuwa sai da na yi kwanaki ina ɗagawa, kuma dole in faɗa miki dalili, ko da yake sirrin Kaka ne, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kin san takan hau dutsen da sassafe lokaci-lokaci, ita kaɗai. Baba yana cewa shan iska take, tsufa ne. In ya ce a raka ta sai ta ce, “Ku yi aikinku in yi nawa.” Takan tafi da wani dogon ƙunshi naɗe da tsohon zane, wanda take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Na tabbata sandar mijinta ce, marigayi Kaka Maƙeri. Wata rana na bi ta a ɓoye, na laɓe bayan wani dutse daga nesa. Gwaggo, na gan ta durƙushe a bakin idon ruwan, ta ba ni baya, kafaɗunta na jijjiga, tana nishi. Ta daɗe a haka. Da ta sauko idanunta jajur, hannayenta da bakin zanenta fari fat kamar ta dafa toka. Ta gan ni a ƙofa, don na riga ta dawowa, ta ce, “Takwara, kallon me kike yi mini, yau kika fara ganina?” Nan na gane a wurin suka fara haɗuwa da mijinta, take zuwa ta yi masa kuka inda ba mai gani, rungume da sandarsa. Shekara nawa da rasuwarsa, amma ba ta daina ba. Duk littattafaina babu wanda ya kai wannan. Shi ya sa nake jin nauyin taka wurin.

Amma jiya na hau. Ciyawa ta cinye hanya, ƙaya ta yage mini siket. Na tarar da akwatin simintin da aka gina a kan idon, da murfinsa na ƙarfe. Na dafa murfin na janye hannu ba shiri. Zafi, Gwaggo. Na ture shi gefe da itace, tururi ya buge ni a fuska har hawaye suka zubo. Jan layin ya haura da gudu. Akwatin cike yake, ruwan har malala yake ta bayansa yana bin wani kwari inda ba a gani daga gida. Bakin bututun kuwa na hango shi a ƙarƙashin ruwan, ya yi wani farin ɓawo, kafar da ta rage ba ta fi a zura yatsa ba.

Na zauna na yi ta kallon tururin. Matacce, ga shi kuma yana aiko mana da zafinsa, mu ne ba ya iske mu. Ban san me zan yi ba, wata kuwa ya kusa ƙarewa.

Ki yafe mini ɓarnata, ki kuma rufa wa Kaka asiri.

'Yarki.

*

Mamana,

Wa alaikumus salam. Na roƙi direba ya jira in rubuta wannan a kan bonet ɗin motarsa, ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi dariya har abokin aikina ya leƙo ya ga ko na'ura ce ta lalace. Daga baya kuma na yi abin da kika ce Inna na yi.

Ki tuna abin da kika rubuto mini. Da tururi ya buge ki hawaye suka zubo, idonki wane launi ya yi? Bakin bututu ya yi farin ɓawo, hannun Inna da wane launi yake saukowa? Ruwan da ya ratso duwatsu masu zafi yana ɗauko farar ƙasa a narke, in ya fito ya sha iska sai ya ajiye ta, irin ɓawon da ke kama cikin butar shayi. Kullum yana ƙara kauri. Bututu ya matse, ruwa ya koma siriri, siririn ruwa kuwa kafin ya gama gangaro wannan doguwar hanya ya huce. Uwata ba kuka take ba, Mamana. Aiki take. Mai zura ƙarfe cikin bututu yana turawa yana ja, in ta baya aka gan shi ba shi da maraba da mai kuka.

Ki jawo ƙunshin nan ki kwance. In ban manta ba, ƙarafa ne sirara da ake ɗaurawa baki da baki, na farkon da ƙugiya a kansa. Ina ƙarama na ga babanmu yana ƙera su, har na riƙe masa zuga-zugi, ban tambayi na mene ne ba. Na tafi makaranta na koyi cikin dutse, Yaya ya tsaya ya koyi cikin gida, tsakaninmu ba wanda ya koyi bututu. Ita kuma kin san ta, ta gwammace ta yi abu sau ɗari da ta bayyana shi sau ɗaya. Ba don kin bi ta kin laɓe ba, da aikin nan ya bi ta kabari. Ki gode wa littattafanki, su suka koya miki leƙen asirin mutane.

Kada ruwan ya taɓa ki, ki naɗe hannu da tsumma. Kada ki hau ke kaɗai, tunda ɓawon ya yi kauri haka ƙarfen zai so mutum biyu. Kuma ba zan rubuta wa Yaya ba. Daga bakina ba zai ji ba, kalma ɗaya ya ji ta ishe shi. Daga bakin uwarsa zai ji. Ki buɗe baki, in muryar rawa za ta yi ta yi.

Direba ya ta da mota.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggona abar alfaharina,

Assalamu alaikum. A kan bencin Kaka nake rubuta wannan, in kin ji takardar ta yi laushi, tururi ne.

Takardarki ta iso ana gobe mai siminti zai zo. Na kwance ƙunshin, ga ƙarafan nan yadda kika ce, sun yi santsi a wajen riƙo. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye miki ba, an ƙwace mini labarin da na fi so. Sai kuma na lura a kowanne an buga ɗan zanen fure kusa da gindi, ƙarami, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Ƙarfen sharar bututu ba ya buƙatar fure, Gwaggo. Wannan kam ki bar mini.

Na san in na tsaya shirya magana, sabulu zan sake nema. Sai na rungumo ƙarafan na kai ɗakin maza inda Baba ke kwance madubi daga bango, na zube su a gabansa. Ƙarar ta sa ya juyo. Na ce, “Baba, dutsen ya mutu amma bai huce ba, bututu ne ya toshe, Kaka ce ke share shi, ba shan iska take ba.” A numfashi ɗaya na faɗa, idona a rufe. Can na buɗe ido ɗaya. Ya ɗauki ƙarfe guda yana jujjuyawa, ya ce, “Wannan aikin babana ne.” Can ya ce, “Uwata, yau ke ce da magana haka? Maimaita, a hankali.” Na maimaita, na kuma karanta masa takardarki ta farko har ƙasa. Wajen maganar makon rasuwar Kaka ya juya yana kallon bango, amma bai ce in tsallake ba.

Gari na wayewa muka hau, yana dafe da kafaɗata, yana tsayawa yana yi wa gwiwarsa faɗa. Mai Sabulu ta biyo mu, wai ta zo ganin gawa. Da tururi ya buge ta sai ta ce, “Ni dama na faɗa, dutse irin wannan ba ya mutuwa.” Baba ya ce, “A'a, ya mutu fa. Gado ya bar mana.”

Muka ɗaura ƙarafan, muna turawa muna ja. Ɓawon ya yi tauri kamar ƙashi. Da muka ci iyakar tsawonsu, Baba ya bi bututun ƙasa ya tono wani ƙaramin murfi a cikin ciyawa, muka sake daga can. Tafin hannuna ya tashi, Baba na nishi, kafaɗunsa na jijjiga, idanunsa jajur. Na kalle shi ta baya na ga Kaka sak. Shi kam ban tabbata duka tururi ba ne, ban kuma tambaya ba. Sai da rana ta ɗaga sosai muka ji wani abu ya ɓalle, bututun ya yi gurnani, ruwan akwatin ya fara zurarewa. Daga can gida muka jiyo Umma tana ƙwala mana kira, wai tanki na aman farar tsakuwa.

Mai siminti ya zo da igiyarsa ya tarar madubi ya rufe da gumi. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce tunda ya zo ya shiga ya yi wanka. Ya kuwa shiga, muna jin sa yana cewa a kawo na sirki. Tsohon direba ma ya dawo, ya tsoma ƙafa ya janye, ya ce, “Maigida, gyaran baya na zo, ba dahuwa ba.”

Baba ya ce daga yau ƙarafan nawa ne, amma in koya wa wani, kada a maimaita abin da ya faru. Umma ta ce in da baki za a yi koyarwar, to akwai sauran aiki.

Gwaggo, ban san irin godiyar da za ta kai ba. Na roƙe ki ki ce barci yake, kika ƙi. Da kin faɗa mini abin da nake so, da yanzu muna bayan shagon Kawu muna jiran ya farka. Jiya na tsaya a tsakar gida na kalli dutsen, da kansa da ya zube da kwarurukansa, na ce masa na gode, a hankali, kada Mai Sabulu ta ji. Na gode wa Kaka, Allah Ya haskaka makwancinta, na gode miki. Ki kula da naki mai ran, kada ki matsa kusa da bakinsa.

Baba ya ba ni wata 'yar takarda a ninke ya ce in saka a ciki. Ban karanta ba. Na dai ɗaga ta a rana, ban ga komai ba.

'Yarki, mai sunan Kaka, mai sharar bututu.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya dawo, yarinyar nan ta faɗa miki.

Na ji an ce kayanki duk warin ƙwai, ba mai zama kusa da ke. Wannan abin kunya ne ga gidan da ke yi wa gari wanka. In dutsenki ya ba ki hutu, ki zo. Ɗakin Inna na nan, an share. Zan kai ki inda take kwance, ba nisa, gwiwata za ta kai.

Ki taho da gudumarki. Akwai sauran ɓawo.

Yayanki.